Wanda Ya Mutu Ya Hau Gaɓa

Da jan ruwan bana, shekara hamsin da huɗu ke nan cif da kogi ya tafi da taubashina Babikir. Ni ba da takardar kwanan wata nake ƙirgawa ba. Duk ranar da na ga Bahar, kogin namu, ya bar launinsa na rani ya fara yin ja, sai in ƙara ɗaya a raina. Mutanen ƙauyenmu, nan kudu da Makwar a hanyar Abu Na'ama, sun ce kwanansa ne ya ƙare, kuma ban taɓa ja da wannan ba, ni Musulmi ne. Amma kwana yakan ƙare ta hannun wani, na Babikir kuwa ta hannuna ya bi. Ba wuƙa na ɗauka ba, ba sanda ba. Dokar wasa na canza don tausayinsa, shi ke nan.

Na yi shekaru ina koyarwa a Madani kafin in dawo gida, na rubuta wa jarida abubuwa barkatai, daga tsutsar auduga har rashin kunyar 'yan bana, amma ban taɓa rubuta wannan ba. Abin da ya tono shi bana wayar jikata ce.

Jikar tawa, Salma, ta zo mana hutu. Budurwa ce, tana karatun aikin jinya a Madani, Larabcinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba. Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce angon ya tsufa, a sake mata wani. Da hantsi muna zaune a inuwa ina shan shayi, na ga ta duƙufa a kan waya tana cizon leɓe, sai na leƙa. Wani ɗan mutum ne a cikin gilashin, yana gudu a kan katanga, yana tsallake ramuka, wasu abubuwa masu ƙaya suna faɗo masa. Ya rufta rami, gilashin ya yi duhu, Salma ta ce ya mutu. Kafin in ce Allah ya jiƙansa, sai ga shi tsaye a bakin ramin nan, ko ƙura babu a jikinsa. Kafin shayina ya huce ya mutu sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa.

Na tambaye ta, in ya mutu ina yake zuwa? Ta yi dariya ta ce babu inda yake zuwa, tashi yake yi ya ci gaba. Na ajiye kofin.

Mu ma muna da wasan da ake mutuwa a cikinsa. Langa ce. Kakanninmu suka zo da ita daga ƙasar Sakkwato a kan hanyarsu ta hajji, suka yada zango a bakin kogin nan, zangon ya zama gari. Ga wanda bai sani ba, kowa zai kama babban yatsan ƙafarsa ɗaya ta baya, ya tsaya da ɗayar, a rabu gida biyu, a yi ta bangazar juna da kafaɗa. Wanda ya faɗi, ko ya saki ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya mutu. Gidan da mutanensa suka ƙare shi aka ci. Tsofaffi sun ce a can gida a dandali ake yi. Mu a kan tsibirin yashi muke yi, wanda yakan fito a tsakiyar kogi in rani ya yi nisa, bayan an dawo daga tsinkar auduga a Jazira, kafin a fara sharar gona. Tsakanin tsibirin da gari akwai ƙorama, ruwanta iya gwiwa. Tsibirin yana da doro a tsakiya, mu kuwa a bayan doron muke wasa, inda yashi ya fi tauri. Daga can ba ka ganin ƙoramar, ba ka kuma ganin inda kogi ya lanƙwaso daga kudu.

Dokar mutuwarmu tana da tsanani. Wanda ya mutu ba ya tsayawa a gefe yana zuga 'yan gidansa. Dole ya ƙetare ƙorama, ya hau gaɓa, ya zauna a gindin gawon da ke can sama, ya fuskanci kudu inda ruwa ke fitowa, kada ya waiwayi tsibiri har a tashi. Haka muka tarar. Babu wanda ya taɓa gaya mana dalili, mu ma ba mu tambaya ba. Mun ɗauka horo ne na wulaƙanci, don mutum ya ji zafin faɗuwa. Kuma ana jin zafin, kai! Kana jin ihun 'yan uwanka daga nesa, kai kuwa kana kallon ruwa kamar mai jiran kwale-kwale. Shi ya sa in ka shiga fili kowane tsalle sai ka auna shi kafin ka yi. Na san samarin da ba sa iya cin abincin rana sosai saboda langar da ke gabansu.

Sau biyu ina yaro na ji matattu sun kwarma ihu daga gaɓa cewa ruwa ya yi ja, ɗaya ya gangaro a guje, 'yan wasa suka saki ƙafafu suka ƙetaro suna dariya, ruwa bai wuce cinya ba. Lokacin ba a gina madatsar Rusairis ba, kogin nan ba ya sallama. Sama tana iya zama fes a kanmu, ruwa ya zuba a duwatsun Habasha, sai dai ka ga kumfa da kututture sun lanƙwaso. Duk da haka mun ɗauka sa'a ce kawai ta sa akwai mutane a gaɓa a ranakun nan biyu. Ka ji wauta irin ta samari.

Babikir ɗan Gwaggo Hawwa ne, ƙanwar babana, wata huɗu ya ba ni a duniya. Shan inna ta shanye masa ƙafar hagu tun yana rarrafe, da sandar bagaruwa yake tafiya. Ta dama kuwa ta zama kamar taɓarya. A Jazira mu muna tsinka, shi yana zaune a bakin gona yana ɗinke buhuna da basilla, yana yi wa kowa tsiya. Taubasantaka ta ba ni damar faɗa masa abin da wani bai isa ba. Ƙafa-ɗaya nake kiransa, shi kuma ya ce mini Baki-biyu, saboda surutu, kuma bai yi ƙarya ba.

Da ya ce zai shiga langa an yi gardama. Ƙafar da ta shanye ba ta riƙuwa, tana suɓucewa ta ja ƙasa. Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya ɗaure ta a ƙugunsa da rawani. Aka ce ai to ya sami hannu biyu ke nan. Ya ce a'a, zai riƙe ƙullin da hannu ɗaya kamar yadda kowa ke riƙe yatsa, in ya saki ƙulli ya mutu. Wani mai kirki a cikinmu ya ce a ƙara masa da rai biyu, tunda ga halinsa. Babikir ya tofar da yawu, ya ce shi ƙofa ya roƙa a buɗe masa, bai ce a goya shi ba. Aka buɗe. Allah Sarki, mun manta cewa mu da yamma kaɗai muke tsayuwa da ƙafa ɗaya, shi kuwa tun da ya tashi da ita yake rayuwa. Rani uku a jere babu wanda ya aika shi gaɓa sai in an taru masa uku. Ni nake ɗaure masa ƙafar kullum, da rawanina, don na iya ƙulli.

Wannan rawanin na tuna ranar da Salma ta nace sai na gwada wasanta. Na ce mata idona ba ya ganin ɗan mutumin sosai, hannuna na hagu kuma rawa yake. Ta karɓi wayar ta yi 'yan taɓe-taɓe, sai mutumin ya ƙara girma, ramukan suka fito baƙi ƙirin, gudunsa ya ragu kaɗan, duk wuraren dannawa suka koma ƙarƙashin babban yatsana na dama. Na tsallake rami ɗaya, na tsallake na biyu, na mutu a na uku, na ji raina ya ɓaci da gaske, ni tsoho. Na ce a raina da Babikir yana nan da ya yaba wa waɗanda suka ƙera wannan abu, don ƙofa suka buɗe. Da ya ƙwace wayar ya wuni da ita, ya hana yarinyar nan sakat.

Washegari ta sake ba ni. Na faɗa ramin nan na uku, gilashi bai yi duhu ba, mutumin ya taso a hankali ya dira a ɗaya gefen. Na faɗa na huɗu da gangan, haka. Na dubi Salma, ta kawar da kai tana murmushi. Ashe ta ga yadda raina ya ɓaci jiya, ta shiga ta kashe mutuwar gaba ɗaya don kada ango ya sha wahala. Na san don ƙauna ta yi, amma wallahi ji na yi kamar an ba ni tuwo a baki a gaban baƙi. Na miƙa mata wayarta na ce na gode. Sai a ranar, ina da jikoki, na ɗanɗana abin da na shayar da Babikir. Ban ci abincin rana ba, na ce wa mutanen gida cikina ne.

Ga yadda aka yi. A shekarar da ya rasu ya kwaso zazzaɓi a Jazira, irin mai tafiya ya dawo. Ya tashi, amma taɓaryar nan ta rame. Da aka fara langa, ƙananan samari da a da ba sa kusantarsa suka riƙa kayar da shi tun a karon farko. Kullum shi ne na farko a ƙetare ƙorama. Sai in kwance masa ƙafa, ya ɗauki sandarsa, ya ɗingisa ya hau gaɓa, ya zauna shi kaɗai yana kallon kudu tun azahar. Bai taɓa ƙorafi ba. Ni ne abin ya tsaya wa a rai. Ba na iya wasa ina tunanin ƙeyarsa a gindin gawon nan.

A lokacin ni ne bakin samari, abin da na ce shi ake yi, ba don hankali ba sai don na fi kowa surutu. Na san in na ce a ba shi rai biyu zai tofa mini yawu. Sai na yi dabara. Na tara samari na ce dokar nan ta tsofaffi ce, tana cinye mana rana, rabin mutane suna zaune a gaɓa kamar masu zaman makoki. Na ce mu kafa turke a ƙarshen tsibiri, duk wanda ya mutu ya je ya taɓa shi ya dawo da rai, kowa da kowa, ba a ware wani ba. Samari suka yi shewa. Wa ke son zama? Babikir kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya gane don wa na yi, na ga ya gane. Sannan ya yi tambayar da har yau take kunnena.

"To, Baki-biyu, in kowa ya tashi, wa zai zamna a gaɓa?"

Ya ce shi da ya daɗe a gindin gawon nan ya lura da abu. Daga wurin ne kaɗai ake hango lanƙwasar kogi, kuma ba banza aka ce a fuskanci kudu ba, tsofaffi ba mahaukata ba ne. Na ce masa ruwa da saura, ko gajimare ba a gani ba, tsuntsayen damina ma ba su iso ba. Na ce girman kai ne ke damunsa, ba ya son a ce an taimake shi. Samari suka goya mini baya, aka kafa turke.

Wasan ya cika, ba zan yi ƙarya ba. Waɗanda suka daina zuwa saboda tsoron zaman gaɓa suka dawo. Amma ya zama wani abu daban. Mutum ya afka maka da ka, ya faɗi, ya tashi yana dariya ya nufi turke. Babu mai auna tsalle, babu mai riƙe numfashi. Kuma wasan ya daina ƙarewa. A da, gida ɗaya yakan ƙare kafin la'asar a watse. Yanzu babu gidan da ke ƙarewa, sai mu yi ta yi har rana ta yi ja, a tashi don gajiya, ba a san wanda ya ci ba. Na ga haka, na ji ba daɗi, amma ni na kawo dokar, bakina ba zai iya janye ta ba.

Babikir ya ci gaba da zuwa, amma bai taɓa zuwa turken ba. In ya faɗi sai ya ce in kwance shi, ya ɗauki sanda, ya ƙetare, ya hau gaɓa shi kaɗai kamar babu abin da ya canza. Kwana shida yana haka. Duk wahalar da na yi dominsa ya watsa mini ita a fuska, haka na gani a lokacin. Haushi ya cika ni.

Rana ta bakwai sama fes take, zafi kamar zai fasa kai. Ya bar sandarsa a gindin gawo, ya ce tana nutsewa a yashi, ya dafa kafaɗata muka ƙetara. Na ɗaure masa ƙafa. A karo na biyu aka kayar da shi. Ya miƙe, ya ce in kwance shi in raka shi. Na ƙi. Na ce ya hau da tsalle tunda gaɓa yake so. Ya juya, ƙafar a ɗaure, ya fara tsalle zuwa doron tsibiri. Da ya kai saman doron nan, da ya ga ƙoramar. Saura taku kaɗan ya kai, na ɗaga murya a gaban kowa na ce Gwaggo Hawwa ba ɗa ta haifa ba, mai gadin kogi ta haifa, a nemo masa zane da carbi ya zauna da tsofaffin mata. Samari suka kwashe da dariya. Wasan taubasai ne, na sha faɗa masa abin da ya fi wannan. Amma ya tsaya. Ya daɗe a tsaye da ƙafa ɗaya, bayansa a gare mu. Sannan ya juyo, ya gangaro, ya wuce ni bai dube ni ba, ya je ya mari turken nan da tafin hannu, ya dawo fili.

Ranar ya yi wasa kamar Babikir na da. Ya kayar da ni sau biyu. Na yi murna, wallahi na yi murna, na ce ga shi dabarata ta yi aiki. La'asar ta wuce muna yi. Babu kowa a gaɓa.

Wani ne da ya je taɓa turke ya ga turken a cikin ruwa, ruwan kuma ja ne, da kumfa. Muka saki ƙafafu muka hau doro. Ƙoramar da muka ƙetare iya gwiwa ta zama kogi, tana gudu da karare da rassa, bakin tsibirin yana zaizayewa muna gani. Babu wanda ya yi shawara da wani. Masu ƙafa biyu suka faɗa, ruwa iya ƙirji, wasu da iyo. Na durƙusa in kwance Babikir. Ƙullin ya sha zufa, ya sha tsallen yini guda, ya ɗaure tamau. Na sa farce, na sa haƙori. Ya ce in bari, hannuwansa sun isa, ya fi ni iyo. Gaskiya ya faɗa, ya fi ni. Ya dafa kafaɗata muka shiga.

Mun wuce rabi. Wata itaciya ce ta taho da saiwarta da rassanta, tana juyawa. Ya gan ta kafin ni, ya hankaɗa ni gaba, na nutse na taso. Ta wuce ta bayansa, ban ga ta buge shi ba. Jelar rawanin ce ta sarƙe a reshe. Na ga hannuwansa suna aiki, suna aiki da ƙarfi, amma baya yake tafiya. Bai yi ihu ba. Ina jin ya kira sunana sau ɗaya, sunana na yanka, ba Baki-biyu ba, amma ban tabbata ba, ruwan yana da ƙara. Bayan kwana uku masunta suka same shi can ƙasa wajen Makwar, rawanina yana ƙugunsa, ƙullin bai kwance ba.

Samari suka haɗa baki ba tare da an yi magana ba. Aka ce ruwa ya zo da wuri, shi ke nan. Bayan an yi sadakar uku na ɗauko sandarsa daga gindin gawo na kai wa Gwaggo Hawwa. Na same ta da hantsi a tsakar gida tana tsince dawa, don hannunta ya sami abin yi. Na durƙusa na ajiye sandar. Ba ta yi kuka ba. Ita a garin nan aka haife ta, yayyenta sun yi langa, ta san abin da mu muka manta. Ta ce, "Ɗan yayana, wa ke gaɓa rannan?"

Na ce babu kowa, Gwaggo.

Ta ce tun azahar har rana ta yi sanyi, a ce babu wanda ya faɗi ko ɗaya? Na sunkuyar da kai. Ta tura mini sandar da ƙafarta ta ce in tafi da ita, ita ba za ta iya kallonta ba. Ta rayu shekara ashirin bayan haka, tana ba ni abinci, tana yi wa 'ya'yana wasa, ba ta sake tambayata ba. Na tabbata ta sani. Ta rasu ban gaya mata ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake jin tsoron a tambaye ni a kansu.

Ba a sake yin langa a tsibirin ba. Yanzu madatsu sun yi wa kogin linzami, ko da yake ni ban yarda da shi ba har gobe. 'Yan bana ba su san langa ba sai a bakin irina. Nakan tambayi kaina abin da Babikir zai ce in ya ga samarin garin nan a jere a inuwar shago, kowa da ɗan mutuminsa yana mutuwa yana tashi. Ba na jin zai zage su, shi mai son wasa ne. Zai so yadda aka ƙara girman ɗan mutumin nan don masu raunin ido, zai so a ce mai hannu ɗaya ma yana iya shiga. Ina jin zai ce a bar wa kowa zaɓinsa, mai son rai ɗari ya ɗauka, amma kada a zaɓar wa mutum a bayan idonsa. Na kuma yarda a wasan Salma babu kogi a bayan doro, in an cire mutuwa babu wanda zai nutse. Sai dai na san shi. Zai duba jerin nan, ya ga duk kawuna a sunkuye, ya tambaya ko akwai wanda aka bari yana duba kudu.

Ni ban iya faɗa wa masu ƙera wasanni yadda za su yi aikinsu ba, ko sunan abin ban riƙe ba. Abin da na sani kaɗan ne, kuma da tsada na san shi. Dokar nan mai zafi tana ɗauke da wani kaya da ban gani ba, na sauke ta ban leƙa ƙarƙashinta ba. Wanda na yi don shi ya gaya mini da bakinsa, na ce girman kai ne. Tausayin da na ji gaskiya ne, amma nawa ne, don in huta da ganin ƙeyarsa na yi.

Me ya rage na Babikir? Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, ko hoto babu. Waɗanda suka yi dariya ranar nan duk sun riga ni, sai mutum ɗaya a Rufa'a wanda ba ya gane kowa yanzu. Gawon yana nan, ya tsufa, rabinsa ya bushe. Sandar bagaruwar tana nan, ta yi santsi, kuma shekara tara ke nan da gwiwata ta sa na fara dogara ta. Sai tambayarsa, wadda ban amsa ba lokacin da amsar take da amfani.

Ana jibi Salma za ta koma, na ce ta mayar mini da mutuwar cikin wasan, ta bar sauran gyare-gyaren. Ta mayar, tana ce mini ango mai taurin kai. Bayan azahar ne, ruwa ya fara ja tun shekaranjiya, ina jin hayaniyar masu wanka da masu wanki daga ƙasan gari. Na tsallake rami na farko, na tsallake na biyu, na tsallake na ukun nan da ya addabe ni. A na huɗu na faɗa, gilashi ya yi duhu. Na ajiye wayar a kan tabarma, na laluɓo sanda, na miƙe.

Salma ta ce, "Kaka, ina za ka? Danna nan kawai ka tashi."

Na ce mata a garinmu wanda ya mutu gaɓa yake hawa. Ta ɗauka wasan jika da kaka ne, ta yi dariya. Na bi ta bayan gari a hankali, na hau, na zauna a gindin gawo. A ƙasa mutane sun fi ashirin a cikin ruwa, babu mai ɗaga kai. Na gyara zama, na ajiye sandar Babikir a kan cinyata, na fuskanci kudu.